Yadda Yaya Ya Ƙarasa Kafaɗar Ɗana

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya ƙarasa lalata kafaɗar ɗana.

Shekarar yaron sha biyar. Tun da ya faɗi a filin ƙwallo kafaɗarsa take gocewa. Likitan ƙashi a Kano ya ce ɗinki kawai za a yi ta ƙananan huji, amma a kiyaye kafin ranar, don kowace gocewa tana cin bakin ƙashin. Na kai shi gidan Yaya a Garo, wai ya huta da gona.

Ashe kullum bayan la'asar sai Yaya ya kira shi majalisa: "Zo ka nuna wa su Alhaji abin nan naka." Yaro ya ɗaga hannu, kafaɗa ta fita, ya mayar yana gumi, dattawa da furfurarsu suna ta ƙyaƙyata dariya.

Da muka koma asibiti, likita ya duba hoto ya ce zancen ɗinki ya wuce, sai an yanko ƙashi an kafe da ƙusoshi.

Na je Garo na sami Yaya cikin mutanensa, ban zauna ba. Na ce, "Yaya, in biri kake so, da ka faɗa mini na sayo maka. Wannan ɗan mutum ne. Allah ya isa!"