Dutsen Niƙa a Ƙarƙashin Boksi

Ranar wata Juma'a da hantsi, damina ta yi tsakiya, ɗan yayar mahaifiyata ya bugo mini waya daga Hawata. Ya ce tsohuwa ta kwana biyu ko ruwa ba ta haɗiya ba, kuma da asuba ta tambayi ƙanwarta. Inna tana jin haka ta shiga ɗaki, ta fito ta naɗe jikinta da mayafi, ta zauna a bakin gadon tsakar gida ta ce, "Yalla, tashi ka kai ni."

Shekara goma sha ɗaya ke nan ba sa ga maciji da yayar tata, duk a kan dutsen niƙa. Kakata ce ta taho da shi a bayan jaki tun daga yamma, a hanyarsu ta zuwa Makka da ta ƙare a Gadarif. Da ta rasu Inna ta ɗauke shi, yayar ta ce ita ce babba, ita ya kamata. Tun daga lokacin dutsen yana ɗakinmu, ba a niƙa a kansa, ba a kuma taɓa shi.

Motata boksi ce, tsohuwar a-kori-kura. Wata guda birkinta yana kuka, ƙarfe na cin ƙarfe. Na sayi sababbin takalman birki da faifai biyu a kasuwa, na tura ƙarƙashin gado, kullum ina cewa sai na gama noman riɗi a Doka. Laifina ne, ban da wanda zan ɗora wa. Ga shi Juma'a, masu gyara sun rufe, bakaniken da na saba da shi ya tafi Basunda. Ba zan ɗauki uwata a hanyar da manyan motoci ke bi ba alhali birki sai addu'a. Sannan hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma in ruwa ya sauka hanyar Hawata takan rufe kwanaki.

Na jawo jak na kafa. Ƙasar gidanmu baƙar laka ce, kuma ta sha ruwa jiya. Ina juyawa, maimakon mota ta tashi sai jak ya riƙa nutsewa. Na sa katako, ya bi shi. Na sa bulo, ya narke kamar gari. Na zagaye gida ina zagin jak, ina zagin laka, ina zagin kaina, ban sami abu mai tauri ko ɗaya ba. Gumi ya rufe mini ido.

Ban ga lokacin da Inna ta tashi ba. Sai na ji ana jan wani abu a ƙasa. Ta fito da dutsen tana tura shi, numfashinta sama-sama.

Na ce, "Inna, la, wannan kuma?"

Ta ce, "Sa afiritar taka, jak ɗin nan, a kai. Dutse ne, ya waladi, ɗana. Ma fi zaman, ba lokaci."

Na kife shi na ɗora jak, mota ta tashi tsaf. Na cire taya na tura ta ƙarƙashin motar don tsaro, na kwance ƙusoshi biyun da ke riƙe da matsin birki. Tsofaffin takalman sun cinye har ƙarfe, faifan kuwa ya yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Ɓangaren hagu bai ba ni wuya ba. Na sa sabon faifai, na danne fistan da ƙarfen taya, na zura sababbin takalma, na ɗaure.

A dama ne faifan ya ƙi fita. Tsatsa da busasshiyar laka sun manne shi. Waya ta sake yin ƙara, ban ɗauka ba don ina tsoron abin da za a faɗa mini. Na ɗauki guduma na yi ta duka kamar mahaukaci, na manta cewa kowane duka yana sauka a kan dutsen. A na ƙarshe faifan ya faɗo, na kuma ji ƙas! Mota ta rufto ta zauna a kan tayar, kaɗan ya rage ta danne mini hannu. Dutsen ya rabe biyu.

Na kasa ɗaga kai. Na jira Inna ta yi salati ko ta tsine mini, amma cewa kawai ta yi, "Ɗauki babban ɓarin ka ƙarasa."

Na ƙarasa ina hawaye. Don gaggawa na manta ban tattaka birki ya cika ba, muna fita ƙofa na taka ya tafi har ƙasa, saura kaɗan in kwashe dangar maƙwabci. Na yi ta takawa har ya yi tauri. Inna tana gefena, ɓari biyun suna kan cinyarta a cikin zani, da lakarsu da baƙin mai.

Hadarin ya bi mu tun daga bayan gari. Yayyafi ya same mu muna hango itatuwan bakin kogin Rahad, mota tana santsi, ni kuma ba abin da nake roƙo sai kada mu tarar da mutane zaune a tabarma a ƙofar gida. Ba mu tarar ba.

Tsohuwar tana kwance, ta rame har na kusa kasa gane ta. Inna ta durƙusa ta ce, "Yaya, ga ni." Ba ta motsa ba. Sai Inna ta kwance zanin, ta kama hannunta ta ɗora a kan ɓari ɗaya. Yatsun suka bi ramin da uwarsu ta haƙa da niƙa, suka kai wajen karayar, suka tsaya. Ta buɗe ido da kyar.

Ta ce, "Shekara da shekaru ina jira, sai da kika fasa shi kika kawo mini?"

Inna ta yi dariya, kuka ya ƙwace mata. Ruwa ya sauko sosai, hanya ta rufe kwana huɗu. A rana ta uku tsohuwar ta cika, kanta a kan cinyar ƙanwarta.