Shafi na Biyu

A cibiyar gwamnati ta binciken inganta iri, wata mata mai farar rigar aiki tana tsaye gaban allon sanarwa. An zaftare kuɗin bincike, yau aka kafe sunayen waɗanda za su ci gaba da aiki. Tana rungume da kwalba mai 'yan tsiron masara kamar jariri. Da gani ta sha shekaru a kansu. Ta bi sunayen da yatsa har ƙarshen takardar, babu sunanta.

Tsohon masinja ya ce, "Malama, akwai shafi na biyu a ƙasa."

"Na sani, Baba," in ji ta. "Bari tukuna."

Tana riƙe da gefen shafin, ta kasa ɗagawa.