Irin Geron da Aka Ƙi Dakawa

Ina 'yar shekara tara aka kai ni Tawa wajen kakata Hassu, don a can lakkwal take, wato makarantar boko, iyayena kuwa suna gona wajen Barmu. Lokacin ɗari, da an idar da sallar isha'i, sai ta hura wuta da karan gero a tsakar gida, mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta. Haƙoranta sun zube, muryarta ma ba ta da ƙarfi, amma da ta ce, "Ga ta nan, ta iso ƙofarku," ko tari ba ka ƙara ji.

Akwai gatana ɗaya da ba ta cika yi ba, sai mun matsa mata. Wai a wata shekarar yunwa, wani mutum ya tafi kudu neman abinci, ya bar matarsa da 'ya'ya mata biyu. Abin da ya rage a gidan ƙwarya ɗaya ce ta irin gero. Matar ta zuba shi a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta binne a ɗaka. Suka koma cin anza da ganyen daji. Kullum ƙaramar tana kuka, "Inna, daka mini ko tafi ɗaya." Uwar sai ta ce, "Sai ruwa ya sauka." Da yarinyar ta kai ba ta iya tashi, sai wata kurciya ta riƙa zuwa kowace safiya tana sa mata ƙwayar hatsi a baki, har damina ta faɗi. Aka shuka irin, gero ya yi, gari duka ya sami iri daga gonarsu.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin. Malaminmu, Mushe Abdu, kamar yadda muke kiran malamai da Faransanci, saurayi ne mai son a daina jin kunyar abin gida. Ya ce kowa ya zo da gatanar gidansu, ni kuwa na kawo wannan. Bayan kwana biyu sai ga shi a ƙofarmu, ya durƙusa ya gai da Kaka. Ya ce malamai za su tara masu gatana daga Bambeye da Tebaram da sauran ƙauyuka, a ɗauki muryarsu a na'ura, a rubuta, don a riƙa koya wa yara.

"Da rana?" in ji Kaka. "So kake in ɓace?"

"Bayan magariba, Inna."

Ta ce to.

Ranar taron farfajiyar lakkwal ta cika. Tsofaffi suna gaba a kan tabarmi, mu yara muna baya. Aka yi na dariya, aka yi masu waƙa. Da aka zo kan Kaka, ta fara kamar yadda ta saba, ni kuwa ina bin ta a zuci, ina jin kamar ni aka tara wa mutane. Ta kai inda yarinyar ta kwanta ba ta iya tashi. Ta dubi tsofaffin nan sa'o'inta ɗaya bayan ɗaya.

"Yaran gida ni ka yi ma kurciya," ta ce. "Ku kam kun ga shekarar, ba ni yi muku ƙarya. Kurciya ba ta zo ba. Sunan yarinyar Zali, ƙanwata ce. Kwana tara kahin ruwan hwari munka rufe ta. Ni na riƙa ma innarmu ƙwarya ran da munka yi shibka."

Can wani dattijo makiyayi daga Tebaram ya gyara rawaninsa ya ce, "Mu taguwarmu, raƙumarmu ta ƙarshe, munka ƙi yankawa. Allah shi jiƙan waɗanda sunka biya." Tsofaffin suka amsa da amin, wata ta rufe fuska da zane.

Da aka watse, Mushe Abdu ya tambaye ta wanne ƙarshen zai rubuta.

"Duka biyu," ta ce. "Ƙanana ka ba su kurciya. Waɗanda za su riƙe gida, ka ba su Zali."

A hanyar gida haushi ya cika ni. Na ce, "Kaka, don mi innarku ba ta daka mata ba?"

"Sau ɗaya na tambaye ta. Ba ta amsa ba, ni ko ban ƙara ba." Muka yi 'yar tafiya, sannan ta ce, "Amma tuwon da kika ci jiya, jikan wancan geron ne."

Kaka ta rasu kafin aurena. Ban san inda takardun Mushe Abdu suka shiga ba. Shekarun fari kuwa sun dawo, suka same ni a Barmu da ɗana na fari a goye, maigida ya tafi kudu, ga irinmu a tulu. Kwana uku ina zagaya shi. A na huɗu na fasa lakar, na daka rabi. Ɗana ya rayu. Gonar ta ba da kaɗan, muka sha wuya shekara biyu, muna roƙon iri wajen mutane.

Har yau ban iya cewa tsakanin ni da uwar Kaka wa ta yi daidai ba. Na dai daina jin haushinta tun ranar da na ɗora hannu a kan lakar nan. Ina jin Kaka ma ba hukunci ta so ta koya mini ba. So ta yi, in ranar ta zo, kada ta same ni ina zaune ina jiran tsuntsu.