Yadda Na Gaya wa Koci Ina Azumi

Ina shekara ta biyu a jami'a a Guangzhou, cikin 'yan gudun makaranta, azumi ya kama. Kullum na yi atisaye da rana sai na ga jiri, amma na kasa gaya wa kocinmu don tsoron kada ya cire ni.

Akwai wata malama mai kula da rayuwar 'yan wasa, na kai mata kukana. Ta ce, "Ɗauka ni ce kocin, faɗa mini." Muka yi ta maimaitawa da Sinanci har muryata ta daina rawa.

Washegari na same shi na faɗa. Ya ce, "Ba komai, ka riƙa zuwa bayan ka sha ruwa." Na koma masauki zuciyata wasai.