Ruwan da Na Zuba wa Injin Laburare

Ni ne na zuba wa injin laburarenmu ruwa. Gara in faɗa tun daga layin farko, don har yau akwai masu ɗora laifin a kan wani mai sayar da fetur a bakin tasha, bawan Allah da ko sanin an yi bai yi ba. Ruwan bai fi rabin kwalba ba, daga randar gidanmu na ɗebo shi da hannuna.

Laburaren namu ɗaki biyu ne, ba nisa da hanyar Maraɗi. Ɗaki ɗaya na littattafai, ɗayan kuma na kwamfuta guda huɗu da wata ƙungiya ta kawo kyauta. Ɗaya daga cikinsu tun a hanya ta cika, muka ajiye ta a kusurwa muna ɗora huluna a kanta. Wutar lantarki kuwa a garinmu takan leƙo ne ta gaishe mu ta wuce, don haka komai ya dogara ga wani ƙaramin inji mai igiya da ke bayan taga.

Mai kula da wurin wani malami ne siriri mai tabarau, Malam kawai muke ce masa. Yana da doka wadda ko ɗan gwamna ne sai ya bi. Za ka karanta littafi na awa ɗaya, ka tsaya gabansa ka faɗi abin da ka karanta, sannan ka miƙa kwalbar fetur ta injin sau ɗaya a mako. In ka cika waɗannan, kana da rabin awa a gaban kwamfuta. Ni da a da ganin littafi ke sa ni hamma, sai ga ni na cinye rabin kantar tarihi saboda rabin awar nan.

Lokacin an fara shari'a da 'yan shekaru, an rufe gidajen kallo, an rufe gidan gem na bakin tasha. Duk faɗin Jibiya babu inda yaro zai taɓa gem sai wurin Malam. Shi ma ba kowane iri yake bari ba, na faɗa da na harbi ko a mafarki. Akwai dai wani na gina gari: a ba ka fili fetal, ka shimfiɗa hanya, ka ja ruwa, ka kafa makaranta da kasuwa, mutane su yi ta zuwa suna zama, in ka yi sakaci su watse su bar ka. Wata biyar na yi ina gina nawa. Na yi masa tasha, na yi masa dam, na yi masa titi mai faɗin da tirela goma za su jera. Ko a aji nake, hankalina yana kan unguwar da ban ja wa ruwa ba.

Sai wasu iyaye suka kai ƙara, wai gidan gem da aka rufe ya koma laburare ya sa tabarau. Aka ce kwamitin dattawan gari zai zo ya gani da idonsa, daga nan a yanke ko a bar ɗakin ko a kulle shi. Aka sa ranar kasuwa bayan azahar, saboda biyu daga cikin dattawan daga Riko da Gangara suke, ranar ce kawai suke shigowa gari, kuma da la'asar motarsu ke juyawa.

Malam ya shirya kamar mai aurar da 'ya. Kwana uku ya yi yana sauko da bidiyon ɗawafi daga intanet, wanda bai kai minti biyar ba, don intanet ɗinmu tsohuwa mai sanda ta fi shi sauri. Bayan bidiyon kuma garina zai nuna.

"Naka ya fi na kowa tsari," ya ce da ni. "Za ka zauna ka yi musu bayani, yadda kake lissafin ruwa da hanya. Ban da surutun banza, ka ji ko?"

"Malam, ni da surutu?"

"Kai da shi aka haife ku rana ɗaya."

Ga yadda kwalbar ta shigo. Yayana yana da teburin fetur a bakin hanya, yana sayar wa masu babura da ke tsallakawa Nijar kwalba-kwalba. In na tsare masa teburin ya je salla ko cin abinci, yakan ba ni kwalba ɗaya a mako, ita nake kai wa Malam. A wannan makon sai wani abokina ya samo aron babur, na juye rabin kwalbata a ciki muka yi ta zagaya fili har na koyi faɗuwa iri uku. Da safiyar ranar kasuwa na dubi kwalba, rabi. Malam ba ya karɓar rabi. Yayana kuma in na koma masa sai ya tambayi inda na kai na farko, hannunsa kuwa faɗin faranti gare shi.

Sai na nemo koriyar kwalba mai duhu, na juye fetur ɗin, na cika da ruwa. A lissafina injin zai tsotse fetur ya bar ruwan a ƙasa, kamar yadda nake tsince nama in bar wa ƙanena kabewa. Malam ya buɗe ya shinshina kamar kullum. Fetur a sama yake tsayawa, don haka ƙamshi ya bugi hancinsa, ya ce madalla. Ina tsaye ya tuntsura ta duka a tankin da ya kusa ƙafewa.

Da hantsi muka ce bari mu gwada komai kafin baƙi su zo. Na ja igiya, inji ya tashi. Ya yi kamar minti ɗaya, sai ya yi tari irin na tsoho mai shan taba, ya yi shiru.

Na sake ja. Na sake. Na ja har na ji kafaɗata tana shirin rabuwa da ni. Malam ya naɗe hannun riga ya kwance fulogi, ya goge da hankicinsa, ya hura, ya mayar. Iyakar abin da ya sani game da inji ke nan, kuma sau shida ya maimaita shi. Ni kuwa na san ciwon, na san maganin, ina tsaye a kansa ina zufa.

"Malam," na ce.

"Mi ne ne?"

Ya ɗago, tabaransa ya zamo kan hanci, baƙin mai ya ɓata masa farar rigar da ya sa don baƙi. Maganar ta zo har bakina ta koma.

"Ko in ƙara ja?"

"Ƙara."

Awa biyu muka kashe a haka. Da na faɗa tun a ja na uku, da an zubar da tankin an wanke, da ko sha ɗaya ba ta yi ba an gama. Wannan lissafin nake yi har yau in na zauna ni kaɗai. Wajen sha biyu na tattara ƙarfin da ya rage na fizga, igiyar ta tsinke, na faɗi zaune da guntunta a hannu.

Malam bai yi faɗa ba. Ya zauna a bakin taga ya cire tabarau. "In suka zo ba su ga komai ba," ya ce a hankali, "abin da aka faɗa musu shi za su rubuta."

Ban san lokacin da na ruga na aro baro wurin mai sayar da itace ba. Muka cicciɓi injin muka ɗora. Malam ya ce shi zai tsaya ya tari baƙi, ya ja su da magana iya yadda zai iya, ni in nemi bakanike.

Wanda bai taɓa tura baro a Jibiya ranar kasuwa ba bai san tashin hankali ba. Buhunan gero sun tare gabas, shanu sun tare yamma, wata babbar mota ta kafe a tsakiya direban yana zagin duniya. Na taka ƙafar mutum ya fi ɗari, na ba da haƙuri ga guda uku. Bakanike na farko ya ce in dawo gobe. Na biyu ko kallona bai yi ba. Na uku wani mutumin Maraɗi ne mai rumfa kusa da tasha, babura sun fi goma a gabansa suna jiran layi. Na durƙusa a cikin baƙin mai.

"Baba, don Allah ka taimake ni. Injin laburare ne, dattawa za su zo bayan azahar."

"Kowa nan dattijo na jiran shi," ya ce, bai ɗago ba. "Mi ya same shi? Buji ne?"

"Ba fulogi ba ne."

"To kai da ka sani, mi ne ne?"

Na duba hagu da dama, na rage murya. "Ruwa ne a tanki."

"Wa ya sa?"

"Ni."

Sai a lokacin ya ajiye sifana ya dube ni. "Ɗan Jibiya? Garin da jariri ke sanin isansi, fetur ɗin nan naku, tun a goyo? Ku zo ku ga wanda ya ba inji ruwa, ya ga yana jin ƙishirwa." Masu babura suka kewaye ni suna dariya, wani ya tambaya ko na haɗa masa da fura. Na haɗiye duka. Da za su ce in yi rawa a kan baron, da na yi, in dai za a taɓa injin.

Dariyar ce ta cece ni, don ita ta sa ya tsallake layi. Ya kifa tankin ya zubar, ruwan ya fito ya kwanta daban a ƙasa kowa yana gani. Ya kwance kafireto ya wanke ya hura. Yana cikin ɗaura sabuwar igiya aka kira azahar.

"Baba, sauri."

"In na yi sauri ka dawo. Tsaya."

Wani mai babur ya tausaya ya tsiyaya mini fetur daga tankinsa. Ja ɗaya injin ya tashi, lafiyayye, kamar bai taɓa yin komai ba. Bakaniken ya ce in ɓace masa da gani, in kuma gaishe da randar gidanmu.

Komawar ta fi zuwan wuya, don an fito daga masallaci hanya ta cika. Na yi ta ihun a ba ni hanya har muryata ta dushe. Da na shawo kwanar laburare sai na hango su a bakin ƙofa, su biyar, suna saka takalma. Malam yana biye da su yana magana da hannu biyu. Daga baya na ji ya nuna musu kowane littafi a ɗakin, har da rajistar masu karatu, sun zauna cikin zafi kusan awa ɗaya suna kallon kwamfutoci a kashe.

Na saki baron na zube gaban shugabansu, wani dattijo mai farin gemu da carbi.

"Allah gafarta Malam, ga injin an gyara. Minti biyar kawai. Ba laifin malaminmu ba ne, wallahi ni ne. Ni na zuba ruwa a fetur ɗin."

Na ɗauka gaskiyar za ta sa su koma ciki. Dattijon ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ruwa? Don mi?"

"Kwalbata ce ba ta cika ba. In ba ta cika ba, ba a bari in yi gem."

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Dattijon ya juya ya dubi sauran, sannan ya dubi Malam, babu fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Malam, wannan ne yaron da ka ce ya fi kowa natsuwa a wurin?"

Malam ya dube ni. Sannan ya ce, "Shi ne. Ku dai shigo ku ga abin da ya gina."

"Mun gani," in ji dattijon. "Abin da zai sa yaro shi yi algus shi kawo ma malaminshi, ai ba sai an kunna muna shi ba."

Na rantse, na yi magiya, na ce a yi mini bulala ko nawa ce a bar ɗakin, na ce a kore ni ni kaɗai a bar sauran yara. Na kama gefen rigar dattijon da ya zo daga Riko, ya zare a hankali ya ce motarsu za ta tashi. Na ruga na ja igiyar injin a kan baron don su ji da kunnensu, ya tashi yana ruri, su kuwa suna tafiya har suka sha kwana.

Malam ya zo ya kashe shi. Ya ce in mayar wa mai itace baronsa, in je in yi azahar da ban yi ba. Bai sake tada maganar ba, ranar ko bayanta, kuma bai karɓe katina na shiga laburare ba.

Bayan mako biyu takarda ta zo. Aka bar ɗakin littattafai a buɗe, aka sa wa na kwamfuta kwaɗo. Shekara guda ke nan da wata uku, ba a sake buɗe shi ba.