Malam Zaharaddini na Inuwar Rumbu da Waken da Bai Shiga Kasuwa Ba

A ƙauyukan da ke kewaye da Makoda, kowa ya san inda hantsi ke riskar Malam Zaharaddini. Idan ya dawo daga masallaci ya zuba wa awakinsa harawa ya sha kunu, sai ya saɓi tabarma ya nufi gindin wata tsamiya a bayan gari, domin nan ne sabis ɗin waya ke kamawa sosai. Can zai zauna yana sauraron saƙonnin muryar da suka taru a wayarsa. Wannan ganyen gyaɗarsa ya yi rawaya, wancan tunkiyarsa ta ƙi kiwo, wata kuma tana tambaya ko lokacin shuka riɗi ya wuce. Abin da ya sani ya amsa, wanda bai sani ba ya ce a yi masa haƙuri ya tambayo. Daga nan sai ya rubuta amsoshin da yatsa ɗaya, a hankali, ya ɗora a shafinsa na intanet, irin wanda ake kira bulog, mai suna Inuwar Rumbu.

Tsohon malamin gona ne. Da ya ajiye aiki sai ya ga manoma ba su daina sallama a ƙofar gidansa ba, shi ne abokinsa Malam Abdulkabir, mai koyar da kwamfuta a Kano, ya buɗe masa shafin. Tun ranar farko suka liƙa gargaɗi a samansa, Malam ya tsara shi da Hausar da kowa zai gane. Ya ce abin da ke shafin shawara ce, ba umarni ba, gona kuma sai mai ita ya fi sanin ƙasarta. Ya ce shuɗin rubutun nan da ake latsawa ya kai mutum wani shafi, wato mahaɗi, ƙofar gidan wani ce, abin da aka tarar a ciki ba alhakin Inuwar Rumbu ba ne. Saboda yawan maimaita wannan, har abokan wasansa suka laƙaba masa Malam Ban-da-alhaki, shi kuma yakan amsa da dariya.

Gargaɗin ba ado ba ne, Alhaji Kallamu mai sayen gyaɗa shaida ne. Wata kaka ya bi mahaɗin hasashen yanayi, ya ga an ce babu ruwa a makon, ya baza gyaɗarsa a fili ya tafi kasuwa. Kafin la'asar hadari ya taso ya zuba. Kallamu ya iso gindin tsamiya yana huci, yana cewa shafin Malam ne ya cuce shi. Malam ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, ƙofa na nuna maka, ban ce ni ke riƙe da hadari ba." Bai karɓi laifin da ba nasa ba ko kaɗan. Amma washegari da rana ta fito, an gan shi da manjagara a filin Kallamu suna juya gyaɗa tare. Yau Kallamu shi ne ya fi kowa ba da wannan labari, kuma ba ya kaiwa ƙarshe sai dariya ta sarƙe shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a wata kakar daban, lokacin da ake zuba wake a buhu. Inna Larai, mai ƙosai a wani ƙauye da ke gabas da su, ta aiko da saƙon godiya. Ta ce an karanta mata shafin da Malam ya nuna, ta sayo maganin da aka faɗa a ciki, za ta zuba wa wakenta idan ya gama shan rana. Malam ya sake sauraron saƙon, domin shi bai taɓa cewa a zuba wa wake wani magani ba. Ya laluba tsohon rubutunsa na ajiyar wake, ya latsa mahaɗin da ke ƙasa. A da yana kai mutum wani shafi mai koyar da ajiya a buhu mai leda wanda iska ba ta shiga. Ashe masu shafin sun bar shi, wasu sun karɓe adireshin suna tallar maganin feshi, suna cewa a tsiyaya shi kai tsaye cikin waken da za a ci.

Nan take ya cire mahaɗin, ya kira Abdulkabir. Abokin ya kwantar masa da hankali da gaskiyar magana, cewa gargaɗin da ke saman shafi ya wanke shi, ya rubuta sanarwa kawai ya huta. Malam ya ce haka ne, ba ya musu. "To amma Larai ba ta karanta gargaɗi ba," in ji shi. "Sunana ta ji." Ya kira wayarta ya ji ta a kashe, sai ya tayar da babur.

Ya tarar da ita a tsakar gida, wake shanye a kan tabarmi, kwalbar maganin tana rataye a jikin danga ba a buɗe ba. Da ya yi mata bayani sai ta dafe ƙirji ta yi salati, ta ce ai maƙwabcinta Nababa, wanda ya karanta mata shafin, ya riga ya zuba wa nasa, gobe ma zai kai shi kasuwa.

Nababa bai sauko da sauƙi ba. Gumin damina guda ne a cikin buhunan, ga shi ya yi alkawari da mai mota. Ya ce warin maganin zai fita kafin a kai ga dafawa, kuma ai daga shafin Malam ya gani. Malam bai tsaya kare kansa ba. Ya zauna a kan turmi ya yi ta lallashi, a ƙarshe ya ce, "Nababa, in waken nan ya shiga kasuwa, ba ka san tukunyar da zai faɗa ba. Wataƙila ta gidan 'yarka ce." Nababa ya shiga ɗaki ya ɗauko gawayi, ya shata wa buhunan alama da hannunsa. Aka ware su nesa da abinci, ba su ga kasuwa ba.

Malam bai tsaya nan ba. Ranar kasuwar Makoda ya ari lasifikar mai tallan magani ya zaga layin 'yan hatsi, ranar Juma'a kuma ya roƙi limamai su yi sanarwa. Haka aka gano wasu gidaje da suka sayi kwalbar ba su kai ga buɗewa ba. Babu wanda ya kwanta ciwo a kakar nan saboda wake. Tun daga lokacin, duk shekara kafin girbi sai ya bi tsofaffin mahaɗansa yana latsawa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma ƙara layi a gargaɗin: wanda ya ga abin da bai gane ba, ya kira shi kafin ya aikata.

A makon jiya ne ya miƙa shafin ga Malama Tahira, malamar gona da ta taso a hannunsa, saboda idanunsa sun fara gajiya da ƙananan haruffa. An yi 'yar walima a ƙofar gidansa. Inna Larai ta aiko da ƙosai cike da kwalla, Nababa ya kawo buhun wake ya rantse da Allah wannan ko ƙwaro bai sha magani a cikinsa ba, wuri ya kaure da dariya.

Malam Zaharaddini, kai ne ka koya mana cewa faɗin iyakar alhaki gaskiya ce, ba gudu ba. Ka faɗi inda naka ya tsaya, ba ka yarda an ɗora maka na wani ba, amma da ran mutane ya shigo ciki ba ka fake da rubutu ba. Rumbu mai inuwa, mun gode. Allah Ya ƙara wa idanunka haske, Ya albarkaci zuriyarka, Ya sa ka daɗe kana cin waken da ka tsare.

Ku kuma masu shafuka da masu tura saƙo daga waya zuwa waya, ku rubuta gargaɗinku, hakkinku ne. Sai dai kafin ku nuna wa mutum ƙofa, ku fara leƙawa ku ga wanda ke ciki, domin akwai wata Inna Larai a wani ƙauye da sunanku kaɗai ta riƙe.