Mai Gyaran da Ya Mayar wa Malam Bakinsa

Tun kafin masu shagunan layin su buɗe ƙofa, shi ya riga ya share gaban nasa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera sukundirebobinsa daga babba zuwa ƙarami. Shagon bai fi ɗakin girki ba. Hagu da dama tsofaffin kwamfutoci ne a jibge, masu ƙaton ciki, irin waɗanda ko ɓarawo ya gani sai ya yi tsaki ya wuce. Samarin layin masu sayar da sababbin wayoyi ne suka laƙaba masa Likitan Tsofaffi don tsokana. Bai taɓa musawa ba, sunan kuwa ya bi shi har gida.

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Ido ya yi rauni, ƙananan notuna sun fara ɓace masa a tafin hannu. Ba za a yi masa taro ba, ba wanda zai ba shi lambar yabo, shi ya sa ya kamata a faɗi abin da mutane suka gani da idonsu tun yana ji.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba masu gaggawa haushi. Ba ya kwance kwamfuta sai ya ga mai ita yana aiki da ita. "Zauna, kunna ta, yi abin da ka saba yi," haka yake cewa, sannan ya koma gefe ya naɗe hannu ya zuba ido. Wasu sun sha ɗaukar kayansu su fita suna gunaguni. Su suka yi asara.

Wata rana wata mata ta sauke masa tsohuwar kwamfutar gidansu a kan tebur. Ta mahaifinta ce, tsohon mai buga takardu da kowa ke kira Malam. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ta tafi da hannun dama, ta tafi da harshe. Hannun hagu kaɗai ya rage masa, da shi yake danna haruffa in yana son magana. Da kwamfutar ta fara nauyi, 'ya'yansa suka haɗu suka saya masa sabuwa, siririya mai sheƙi. Kwana biyu ya rufe ta ya juya fuska bango. Tun daga nan bai sake rubuta ko harafi ɗaya ba.

"Baba, ka kwashe mana hotunan da ke ciki kawai," in ji ta. "Sauran ka jefar. Malam ya daina son magana."

"'Yata, shi ya ce miki ya daina so?"

Ya miƙe ya ɗauko makullin shagon.

"To ɗauki kayanki mu je. Ba na taɓa ta sai na ga mai ita."

Ya rufe shago da tsakar rana ya bi ta. A ɗakin Malam ya haɗa wayoyi, ya jawo teburin kusa da gado, ya gaishe shi kamar yadda ake gaida babba, ya roƙe shi ya gwada. Da ƙyar Malam ya miƙa hannu. Sabuwar dai an gane matsalarta nan take: madannanta ƙanana ne a manne da juna, hannu mai rawa in ya nufi ɗaya sai ya danne uku. Tsohuwar kuma yatsunsa sun san ta kamar hanyar gidansu, amma sai ya gama danna kalma allon yana nan fari fat, fanka tana gurnani, haruffan na fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar ana roƙonsu. Kafin su gama fitowa, matarsa ta ce, "Ruwa yake so," ta tashi. Ɗansa ya ce, "A'a, Mama, fitila yake so a kashe." Malam ya dubi rabin kalmar da ta bayyana, ya sa yatsa ya goge ta.

Wannan gogewar ita mai gyaran ya gani, ita ce kuma ta tsaya masa a rai. Mutum yana zaune da hankalinsa garau, ana yi masa magana a baki saboda na'ura ta makara.

Ya tafi da tsohuwar kwamfutar. Ya buɗe cikinta ya kakkaɓe ƙurar shekaru, ya sauya fanka. Ya ƙara mata ram, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita. Ya cire tsohon faifan ajiya mai juyawa ya sa sabo mai sauri, ya sauke duk manhajojin da jikoki suka cusa mata. Ya saita ta yadda da an kunna, farin shafi ne zai buɗe da manyan haruffa, kuma ko yatsa ya daɗe a kan madanni harafi ɗaya zai fito. Tsohon allon madannan kuwa wanke shi kawai ya yi, bai canza shi ba.

Ranar da ya mayar da ita, iyalin suna zazzaune. Matar Malam ta kawo wa baƙo shayi, ta ajiye wa mijinta nasa tana cewa, "Shi ai yanzu ba ya son sukari."

Ba ta rufe baki ba rubutu ya bayyana: "Wa ya ce?"

Ɗakin ya fashe da dariya, har da mai share hawaye. Ta yunƙura za ta ɗauko sukarin, sai hannun hagun nan ya sake motsi. "Zauna tukuna. Kin yi ɗawainiya da ni, kin ɗaga, kin kwantar. Allah ya saka miki. Tun da na kwanta nake so in faɗa kafin ki tashi."

Ta zauna. Mai gyaran ya tattara sukundirebobinsa ya fita a hankali, shayinsa ko kurɓa bai yi ba.

Kai ne, Likitan Tsofaffi, mai hana bola cika. Kai ne ka ƙi yarda a ce abu ya ƙare don kawai ya rage sauri. Ɗalibai nawa suka gama karatu da kwamfutar da aka ce ta mutu, ka tashe ta? Ba ka ƙirga ba, mu ma ba za mu iya ba. Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka huta cikin rufin asiri. Ku kuma matasan da za ku gaji teburin nan, kwance noti kowa zai iya koya. Ku koyi zama ku kalli mai kaya kafin ku taɓa kayansa.

Malam ya ƙara fiye da shekara a duniya. A ciki ya yi wa jikoki faɗa, ya yi wa matarsa tsiya, ya nemi gafarar wanda zai nema. Da 'yarsa ta ji za a rufe shagon, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba," ta ce, "har ranar da ya cika, ba wanda ya sake yi masa magana a baki. Da kansa ya yi mana sallama."